Hoton da Bango Ya Fi Yawa

"Ka sake dasa ni a tsakiya," in ji Baba Mai Hoto. "Ni turken fitila ne?"

Kafinta ya sauke kyamarar daga idonsa. Karo na tara ke nan tun hantsi. Shi aikinsa katako ne. Shagonsa na jikin gidan, shekara shida yana yi wa hotunan tsohon firam, amma bai taɓa danna kyamara ba sai yau. Malama, 'yar Baba, ita ta roƙe shi. Shekara arba'in mahaifinta yana ɗaukar hotunan da ake ratayewa mutane su zo kallo, amma nasa ko ɗaya babu. Likita kuwa ya riga ya ce a mayar da shi gida ya huta.

"To Baba, ai hotonka ne. In ba tsakiya ba, ina zan sa ka?"

"Kawo in gani."

Tsohon ya jawo kyamarar, ya ƙura wa gilashin bayanta ido. "Haske ya wanke komai. Dubi fuskata, kamar an bi ta da dutsen guga. Ina inuwa? Bokitin nan kuma ƙanina ne, da ka haɗa mu?"

Malama ta yi dariya daga bakin ƙofa, sannan ta juya tana share ido.

Kafinta ya fitar da bokiti, ya ja labule rabi. Ya matsa hagu, aka ce ya zarce. Ya dawo dama, aka ce ya toshe taga. Na goma sha biyu Baba ya girgiza kai.

"Baƙin nan ba ya numfashi."

Kafinta ya dubi lungun ɗakin mai duhu. Har kunne ya ɗan karkata. Bai ji komai ba, kunya kuma ta hana shi tambaya.

"Durƙusa can bakin ƙofa, Mai Guduma. Bar ni a gefe. Sai ka jira."

"In jira me, Baba?"

"Za ka gani."

Bai ga komai ba. Gwiwarsa ta yi tsami, hannunsa ya ƙage, sai ya danna don ya huta. Abin da ya fito ya ba shi tsoro: Baba can a gefe, rabin fuska cikin duhu, kafaɗa guda a waje. Sauran duk bango ne, da ƙusar da babu komai a jikinta, da wani ɓallin hasken rana.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Wannan," ya ce. "Ko faɗin farce kada a yanke."

Kwana uku bayan nan, da safe, Kafinta na goge katako ya ji kukan Malama ta katanga. Ya ajiye abin hannunsa a hankali, ya tsaya, ya rasa ta wace ƙofa ma zai shiga.

Da masu ta'aziyyar Baba suka ragu, Malama ta kawo hoton shago, an wanke shi babba.

"Kafinta, Babana na ce ka ɗauka ko bango? Yanke min gefen nan, a bar fuskarsa."

"Anti, cewa ya yi kada a yanke."

"To kai ka gane abin da yake nufi?"

"Wallahi ban gane ba."

Ya ɗauko guntun falanki ya rufe bangon, don ya ga inda wuƙa za ta bi. Sai ga wani tsoho marar lafiya, a rame, a takure. Ya janye falankin. Sai ga Baba zaune, ya ɗan juya kai yana duban hasken, kamar mai shirin cewa an makara da dannawa.

Kafinta ya ja da baya. Hoton dai shi ne, bai taɓa komai ba.

"Sake," in ji Malama.

Ya rufe, ya janye. Ta nemi benci ta zauna.

"Auna shi haka," ta ce.

Da ya kai firam ɗin ɗakin Baba, ya duba ko'ina, ƙusa ɗaya ce kawai a bangon, ita ce ta cikin hoton. Ya rataye shi a nan, ya daidaita gefen da ya karkace. Labulen yana nan rabi yadda ya bar shi. Ya koma bakin ƙofa ya durƙusa, hasken taga na hawa bango a hankali, saura kaɗan ya taɓa katakon.