Faifan Yaya Kamilu

Shekara uku ina jiran ranar da kwamfutar Yaya Kamilu za ta mutu. Ba zan yi ƙarya ba, har a sujada na taɓa roƙo. Daga baya na yi istigfari, amma ban janye ba.

Kamilu ɗan baffana ne, gidansu na jikin namu a Limawa, katanga ɗaya ta raba mu. Mahaifina, Malam Saifuddeen, ya yi shekara talatin yana ba da karatu a zauren gidanmu, fiƙihu da safe, tafsiri da azumi, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa ni na zauna na juye kaset-kaset ɗin nan cikin laftof ɗina, ɗaya bayan ɗaya, wata bakwai ina fama, don zaren ya fara tsinkewa, gara kuma ta shiga kwalin. Da damina ta ƙarasa lalata su ban damu ba, tunda muryar Malam tana hannuna.

Sai wata safiya laftof ta ƙi tashi. Kamilu malamin sakandare ne, kuma shi ne ya naɗa kansa masanin kwamfuta na dangi, ko rediyo ta lalace sai ya sa baki. Ya karɓa. Sau uku na faɗa masa abin da ke ciki, ya ce in kwantar da hankalina. Washegari ya dawo da ita yana washe baki. Ashe fomatin ya yi mata, wato ya share komai tas ya zuba sabuwar manhaja. Ba karatu, ba addu'ar rufe majalisi, ko gyaran muryar Malam bai rage ba. Na zube a tsakar gida ina kuka, Inna da matan gida sun kewaye ni, shi kuwa ya tsaya riƙe da waya ya ce:

"Wanda ya san kwamfuta ba ya ajiye abu wuri ɗaya. To laifin wa?"

Shi ke nan abin da na samu. Ko haƙuri bai ba ni ba. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idon Inna.

Bayan wata biyar na shiga ajin Malama Mashkura, wata 'yar Kiyawa da ke koyar da mata kwamfuta duk Asabar a wani ɗaki bayan kasuwa. Kwamfutocinta duk tsofaffi ne, waɗanda ofisoshi suka yar, amma suna gudu, saboda Linux ta zuba musu. Ta ce manhaja ce ta kyauta, ba a sayen lasisi, ba a satar ta, kowa ya ga dama ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Mako biyu muna koyon inda ake buɗe folda da inda ake rubutu. A mako na uku ta ɗauko wata kwamfuta da ta ƙi tashi, ta soka mata filas, ɗan ma'ajin nan mai kamar yatsa, ta kunna tana danna maɓallin F12, ta zaɓi filas ɗin. Sai ga Linux ta tashi daga cikinsa, ba ta taɓa komai na kwamfutar ba. Ta buɗe faifan ajiya, ga hotunan mai ita da takardunsa suna zaune lafiya lau. Ta ce kamar ƙofar ɗaki ce ta cije, sai ka shiga ta taga ka kwashe kayanka.

Na tambaye ta ko da an yi wa tawa haka da an samu karatun Malam. Ta ce da an samu, aikin bai fi na shan shayi ba.

Na fita waje na jingina da bango. Wato ba ƙaddarar inji ba ce, jahilcin mutum ɗaya ne da girman kai. Wallahi da Kamilu ya gifta a lokacin, da sai an raba mu.

Haushi malami ne mai kyau. Na koyi haɗa filas ɗin da kaina. Na zuba Linux Mint a laftof ɗina, na koma rubuta sakamakon ɗaliban Islamiyyarmu a ciki, na koyi ɗauko manhaja daga rumbunta ba tare da na je wajen kowa ba. Sau biyu na share kwamfutar gwaji ta Malama bisa kuskure, domin idan za ka girka Linux akwai inda take tambaya: ta zauna gefe da abin da ta tarar, ko ta share faifan gaba ɗaya? Malama ta yi dariya ta ce yanzu ba zan ƙara mantawa ba. Ban manta ba kuwa. Wannan zaɓi na biyu na haddace shi, na ajiye wa mutum ɗaya.

Wani abu kuma da ta nanata mana: idan ka ji faifai yana ƙas-ƙas-ƙas, to yana gargara ne. A daina kunna shi. In an samu ya buɗe, a fara kwashe abu mafi muhimmanci, ƙarami kafin babba, domin ba wanda ya san minti nawa suka rage masa.

Kafin shekara biyu an san ni a unguwa. Malaman makaranta, masu shagon buga takardu, har wani ma'aikacin gona daga Kafin Hausa, duk wanda tasa ta ƙi tashi sai a ce ya je wajen Zulfa ta gidan Malam.

Rana dubu ta ɓarawo. Ranar wata Lahadi Bilki, matar Kamilu, ta leƙo ta katanga ido ya yi ja, ta ce laftof ɗin maigidan ta mutu. Digiri na biyu yake yi a Kafin Hausa, saura kwana tara ya miƙa kundinsa, kuma duk abin da ya tattaro a ƙauyuka shekara biyu yana ciki. Filas ɗin da yake ajiyewa ya ɓata tun watan jiya, bai sayi wani ba. Masu gyara uku ya je wa, kowa ya ce sai fomatin. Na ce Allah sarki, na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada ta ga fuskata. Masanin kwamfuta! Ashe shi ma wuri ɗaya yake ajiya.

Bayan la'asar ya zo zaure da kansa. Ya rame, ya kasa kallona. Ya kunna ta a gabana, ta tsaya a baƙin allo, na kasa kunne. Ƙas-ƙas-ƙas. Na san abin da na ji. Kalma huɗu ce ta kamace ni, in ce masa ya daina kunna ta, amma na haɗiye. Na ce ina da aikin sakamakon ɗalibai, ya tafi da ita ya dawo jibi. Kwana biyun nan Bilki tana ba ni labari ta katanga, wai ya hana kansa abinci, sai kunnawa da kashewa ko za ta farfaɗo. Da ya dawo na ce filas ɗina yana wajen Malama, alhali yana ɗaure a bakin mayafina.

Inna ta gane. Ta kira ni ɗakinta ta ce ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ko Malam yana raye ba zai so haka ba. Na ce mata rama cuta ga macuci ibada ne. Ta ce a wane zaure na karanta wannan, don ba a na ubana ba. Duk da haka ban sauka ba.

Ranar Laraba da hantsi na karɓi laftof ɗin, na ce ya dawo kafin magariba. Niyyata ɗaya ce: in share faifan, in zuba masa Linux sabuwa, in miƙa masa ina murmushi. Na soka filas, na danna F12, ta tashi. Ga alamar girkawa tana jirana a kan allo. Sai na ce bari in fara ganin abin da zan share da idona, don daɗin ya cika.

Faifan ya daɗe kafin ya buɗe, yana ƙas-ƙas. Folda ta farko sunanta Digiri, 'yar ƙarama, ko hoton biki goma sun fi ta nauyi. A ƙasanta akwai wata, an rubuta Karatun Baffa Malam.

Abin da ya fara zo mini shi ne ɓarawo, ashe ya kwafa ya ɓoye. Na buɗe. Fayil ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da sunan mutum da gari: Malam Ɗanladi Kiyawa, Alhaji Misbahu Kafin Hausa, Goggo Safina, wasu sunayen ban ma san su ba. Na duba ranakun da aka saka su. Duk bayan share tawa ne, wata bayan wata, na ƙarshe bai kai sati shida ba. Ba nawa ba ne. Na tsofaffin ɗaliban Malam ne, abin da suka ɗauka da kansu a kaset da waya. Shekara uku kenan yana bin su gida gida a kan babur, bai gaya wa kowa ba.

Na danna ɗaya. Zakara ya yi cara a nesa, wani ya ja tabarma, sai Malam ya yi gyaran murya ya ce, "To, a ina muka tsaya jiya?"

Ban san lokacin da na toshe bakina da mayafi ba.

Nan fa zan faɗi gaskiya, kada wani ya yi mini uzuri da ruɗewa. Na san ƙa'ida, ƙarami kafin babba. Foldar Digiri minti ɗaya ya ishe ta. Yatsana ya je kanta, na tuna shi tsaye a tsakar gida yana cewa laifin wa, sai na ce a raina ai shi ma ya ɗanɗana jira. Na ja ta Malam, mai nauyin da zai ci awa guda, na jefa cikin nawa faifan da na jona mata. Kundi kuma in an gama, in na ga dama.

Goma suka wuce, ashirin, arba'in. Ƙarar tana ƙaruwa, layin da ke nuna tafiya yana jan ciki. Zuciyata ta ce in dakatar in ɗauki kundin, na ce bari wannan ya ƙarasa, sannan bari na gaba ya ƙarasa. A na sittin da ɗaya ya tsaya cak. Saƙo ya fito cewa an kasa karanta faifan, sannan sunansa ya ɓace daga jerin gaba ɗaya.

Na kashe na kunna, babu. Na sake, babu. Na kira Malama Mashkura, ta hau adaidaita ta zo, ta kwance faifan ta gwada a wata na'urarta, ta kara a kunne. Ta ce ya gama, ko Kano aka kai shi sai dai a gwada sa'a. Ta tambaye ni me na fara kwafa. Na nuna mata. Ta dube ni, ta dubi girman foldar, ta tattara kayanta ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana shirin kiran magariba ya yi sallama. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na ajiye laftof ɗin tsakaninmu, na ce faifan ya mutu ina tsaka da kwafa. Ya runtse ido. Na zauna ina jiran ya tambayi kundi, har na shirya fuskar da zan yi.

"Karatun Baffa fa?" ya ce. "Akwai wata folda, ban gaya miki ba. An samu wani abu?"

"Sittin da ɗaya, Yaya."

"Na Malam Ɗanladi yana ciki? Shi ya rasu bara, kaset ɗinsa kuma 'ya'yansa sun zubar."

Na duba, na ce yana ciki. Ya yi hamdala. Ya ce so ya yi sai sun kai yawan waɗanda ya share sannan ya kawo mini, don bai san da bakin da zai ba ni haƙuri hannu sake ba. Sai bayan nan ya tambayi kundin, a hankali, kamar mai tambayar mara lafiyar da ya san ba zai tashi ba.

Da na ce faifan ne ya yi mana butulci, da ya yarda, ba kuma wanda zai taɓa sani sai Malama. Amma shekara uku na yi ina so in rama, ya kuma san ni ce.

"Minti ɗaya ya ishe ni in fitar da shi," na ce. "Na gan shi, na tsallake. Kuma tun ranar Lahadi na ji ƙarar faifan, ban hana ka kunnawa ba."

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar tsakar gida. Na jira daɗin da na yi wa tanadi, bai zo ba. Ya naɗe wayar caji a hankali, ya sa laftof ɗin a jaka, ya ce to, ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Bai miƙa kundi a shekarar ba. 'Yan ajinsu suka gama, shi ya koma ƙauyuka yana sake tambayoyin da ya riga ya yi. Bai gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba, ko Bilki, don har yau tana miƙo mini tuwo ta katanga.

Inna kuwa kullum bayan ta karya sai ta sa in kunna mata karatu ɗaya. Tana zaune da carbi tana amsa wa Malam kamar yana zaure. In ya shafa addu'a sai ta juyo ta ce Allah ya yi mana albarka ni da yayana, da muka haɗa kai muka dawo mata da muryarsa. Ina cewa amin, in tashi in tafi wanke kwanuka.