Daɓen Indo

A Kura, macen da ba ta da wurin shanya ba ta da sana'a. Indo ta shekara ashirin da shida tana turara shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, a gangar ƙarfe biyu, ta kwashe ta da zafinta ta baza a tsakar gida, rana ta busar, a kai inji. Marigayi mijinta, Malam Mukhtari, shi ya sa aka zuba daɓen: siminti zalla, sumul kamar tafin hannu, an ɗan karkata shi wajen rariya don kada ruwa ya kwanta. Ya tsage a wuri biyu, an liƙe. Ba shi da kyan gani, amma saboda shi matan unguwa ke sallama a ƙofarta kullum da buhunansu.

Suhaibu ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa Indo "Yaya", yadda ya ji kawunnansa na faɗa. In ya zo gaisuwa, takan juya fuska ta amsa wa bango. In akwai magana, sai ta bi ta bakin Saliha, autarta. Haka aka yi ta, ba ta kuma taɓa ganin aibun hakan ba sai bana.

Allah ya buɗa masa a birni, yana sayar da kayan gini. Wata Asabar ya shigo da wani birkila mai suna Iliyasu, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya gaishe ta, sannan ya miƙa wa Saliha waya.

"Nuna wa Yaya. Irin wannan za a yi mata. Kankare ne, amma ana buga masa zane ya fito kamar an jera duwatsu."

Saliha ta dafe ƙirji. "Kai! Umma, dubi! Wallahi kamar gidan 'yan majalisa."

Indo ta saci kallo. Abin da ta gani ramuka ne, tsagi-tsagi tsakanin dutse da dutse, kowanne ya isa ɗan yatsa ya shige.

Iliyasu ya taka tsohon daɓen, ya dubi gangunan da tarin itace, ya sosa ƙeya. "Alhaji, gidan nan fa gidan shanya ne. Da an bar mata ko rabi sumul. Ko a yi mata sharar tsintsiya mai laushi, ba santsi, ba rami."

"Kai dai yi abin da na kawo ka ka yi," in ji Suhaibu. "Na gaji da ganinta cikin rana da hayaƙi, mutane na cewa tana da ɗa a birni. Sai ka ce ba ta haifi kowa ba."

Da suka fita auna wuri, Indo ta jawo Saliha cikin ɗaki. "Je ki gaya wa wancan, daɓena bai yi mini komai ba. A bar mini abina."

Saliha ta je. Yarinya ce mai son abin da ido zai gani, kuma wa zai tsaya gaban yayansa ya ce an ƙi kyautarsa? Ta ce masa, "Umma ta ce wai kada ka wahalar da kanka." Suhaibu ya yi dariya. "Kunyar Yaya ke nan. Ki ce mata ba wahala." Indo tana ji daga ɗaki. Taku goma ne tsakaninta da shi, amma da a ce kogi ne da ya fi sauƙin haurawa.

Ran Litinin aka sa guduma. Kwana biyu aka yi ana fasawa, ana fitar da ɓaraguzai a baro. Sannan aka kwaɓa, aka zuba, aka daidaita da katako. Iliyasu ya barbaɗa wata jar hoda, ya shimfiɗa tabarmin roba masu zane a kan ɗanyen kankaren, shi da abokan aikinsa suka bi suna tattakawa. Da aka ɗaga sai ga duwatsu sun fito reras. Bayan ya sha iska aka wanke, aka shafe shi da wani mai, ya ɗauki ƙyalli. Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Da zai tafi, Iliyasu ya tsaya kansa a ƙasa.

"Hajiya, kada a ja ƙarfe a kai. Kada a hura wuta kusa. In ya jiƙe a taka a hankali." Ya ƙara da cewa, "A yafe ni."

"Me ka yi? Aiko ka aka yi," in ji ta.

Ta gwada duk da haka. Maƙwabciyarta Kubra ta kawo buhu biyu, Indo ta hura wuta a lungun bayan ɗaki, ta turara, ta baza. Katakon juyawa ya riƙa cijewa a kowane tsagi. Ta sama ta bushe ƙarau, ta cikin ramuka ta zauna da danshinta. Da la'asar hadari ya taso daga gabas. A da, kafin a karanta Fatiha uku ta tattara shanya ta rufe. Yanzu tsintsiya ta bi ta sama ta bar rabin shinkafar a maƙale. Ita da Saliha suka durƙusa suna tonowa da yatsu, ruwa na dukansu, Saliha ta zame ta zauna daɓas.

Ta sayi tamfol ta shimfiɗa. Ruwan da ke kwance a tsagin ya riƙa turo danshi daga ƙasa, katako ya yage tamfol ɗin a rana ta biyu. Da aka kai inji, shinkafar ta fito karyayya, da baƙi-baƙi a ciki, tana bashi.

Kubra ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina. "Indo, wannan ai ko kaji sai sun yi shawara." Ta ga fuskar Indo, ta sassauta. "Ke ma dai, ki buɗe baki mana. Ɗa ne fa, ba suruki ba."

"Da wane bakin?"

Daga wannan makon buhuna suka koma gidan Ummi, wata mai turara can bayan masallaci. Ba wanda ya yi mata gori. Matan sukan leƙo dai su ce sun zo ganin daɓe, su yaba, su wuce.

Ran Juma'a bayan an sauko Suhaibu ya zo, da kujerun roba shida da tukwanen fure a bayan mota. Ya zagaya tsakar gidan yana ɗaukar hoto, fuskarsa fal murna, irin murnar wanda ya sauke nauyi. Kyautar da ba a tambayi mai karɓa ba, mai bayarwa take yi wa daɗi. Ya tsuguna a inda ya saba.

"Saliha, tambayi Yaya, ya yi mata kuwa? In akwai abin da bai yi ba a faɗa, a gyara."

Saliha ta dubi uwarta. Wannan karon babu ɗoki a fuskarta. Farcenta biyu sun karye wajen tonon shinkafa. Indo ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, a shirye, kalma biyar ko shida. Ta ɗago kai, idonta ya sauka a kan hularsa, wuyanta ya juya da kansa wajen bango.

"Ki ce an gode. Allah ya yi albarka."

"Amin, amin," in ji Suhaibu. Ya miƙe ya leƙa lungu. "Waɗannan gangunan kuma ai sun gama aiki, suna ɓata wuri. Bari a kai wa masu gwangwan."

Ya naɗe hannun riga ya kama ta farko da kansa, ya ɗaga ta sama sosai don kada ta karce daɓen, ya yi waje da ita. Indo tana zaune tana jin sawunsa ya dawo ɗaukar ta biyu.