Jirgin Baban Monica a Cikin Leda

"Mummy, me ya sa tsohuwar nan take hira da bola?"

Da Turancinta na 'yan unguwarmu Gorton 'yata Latifa ta yi tambayar, kuma da ƙarfi. Na damƙe hannunta, amma tsohuwar ta riga ta ji.

Ranar Asabar ce. Mu matan unguwa mun fito daga Manchester zuwa wani tudu a bayan gari don mu miƙe ƙafa, mu kuma tsince shara, saboda Anti Kubura, shugabar tafiyar, ba ta iya ganin datti ta wuce. A wani ɗan kwari muka tarar da ƙarafa warwatse, bakinsu kamar reza. Ni dai abin da na hango shi ne ƙafar yaro a yanke da layin ganin GP, wato likita. Muka kwashe su cikin baƙaƙen ledoji, babba guda ɗaya ne ya gagare mu. Anti Kubura da sauran suka yi gaba da kayan zuwa wurin ajiye motoci, inda motar shara ta council za ta ɗauka. Na tsaya ɗaure wa Latifa takalmi, sai ga tsohuwar nan da sanduna biyu, ta tsaya gaban ƙarfen da ya rage tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, ki yi haƙuri, yarinya ce," na ce.

"Ba komai, love. Babana nake gaisarwa."

Sunanta Monica. Daga Birmingham take zuwa duk shekara. Ta ce lokacin yaƙin duniya na biyu mahaifinta, ɗan shekara ashirin, yana koyon tuƙin jirgin sama, hazo ya rufe su shi da abokansa, suka daki tudun nan. Ƙarafan nan ragowar jirginsu ne. An haife ta bayan rasuwarsa.

"Mutane kan tambaye ni jiragen abokan gaba nawa ya harbo. Ko ɗaya. Bai ma ga yaƙin ba. Amma ya san 'yan ajinsu suna faɗowa, kuma kullum aka kira sunansa sai ya hau."

Na lissafa a raina: a shekaru bai kai ƙanena Sha'aban ba, wanda har yau Hajiyarmu ba ta yarda ya yi tuƙi ranar ruwan sama.

Sai ta fara dube-dube. Akwai wani fallen ƙarfe mai rami a tsakiya, in ji ta, wanda mahaifiyarta ta fara ɗora mata hannu a kai tun tana ƙarama. Shi ta zo ta dafa. Likita ya ce gwiwoyinta ba za su sake hawa nan ba.

"Wa zai ɗauke shi?" ta ce.

Na san fallen. Na san ledar da ya shiga. Waya ba sabis, kuma ba na barin 'yata da wanda ban sani ba, ko da tsohuwa ce mai kirki. Na ce mata ta zauna kan dutse, kada ta motsa. Na warware mayafina, na goya Latifa duk girmanta, na gangara da gudu tana ihun ita ba jaririya ba ce.

Na isa ma'aikacin council yana jefa ledoji bayan mota.

"Maman Latifa, kura ce ta biyo ki?" in ji Anti Kubura.

"Anti, jirgin mutane muka share!"

"Jirgi? A leda? Ke, sha ruwa tukuna."

Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kabarin bayin Allah muka yi wa shara?" Kafin ma'aikacin ya gama tambayar wace leda, ta tattare zane ta haye motar, tana girgiza su ɗaya bayan ɗaya tana sauraron ƙarar ƙarfe.

Muka sake hawa, kowa da kayanta a ka. Inda kowane ƙarfe ya kwanta ciyawa ba ta tsiro ba, sai siffarsa a baƙar ƙasa, don haka muka mayar da kowanne gurbinsa. Anti Kubura da kanta ta durƙusa ta ajiye mai ramin. Muka riƙe Monica ta kafaɗu har ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta. Ta daɗe a haka.

To, ke mai karatu, ko kai, idan kun hau tuddan nan da yara kuka ga ƙarafa a ƙasa, ku riƙe hannun yaranku da kyau, ƙarafan suna yanka. Amma ko ƙusa kada ku ɗauka. Samari ne suka faɗi a wurin, kuma har yanzu akwai masu zuwa dominsu.