Garmar Ishaya

Tiya uku ta acca, ƙullin busasshiyar citta, man ja a kwalba, zakara ɗaya a ɗaure, sai garma naɗe cikin tsohon buhu. Kayan da Saratu ta taso da su ke nan daga ƙauyensu can bayan Kachiya. Kwandasta ya so ya jefa garmar saman mota, ta hana. A kan cinyarta ta riƙe ta har Kaduna.

Hirar fasinjoji ɗaya ce: ƙarshen watan nan soja za su miƙa mulki. Ita Saratu hankalinta na gida. Wancan karon da soja suka miƙa mulki, shekara ashirin ke nan, garma arba'in ta fito gayyar mijinta Ishaya. Bara mutum bakwai suka zo, ƙaraminsu da furfura. Sauran duk suna Kaduna, wasu masaƙa, wasu gadi, wasu acaɓa. Ko a coci, mata huɗu suka rage masu waƙa.

Ishaya ya rasu da kaka. A garinsu, matar mamaci kan kai wa ɗansa garmar uban kafin ruwa ya zauna. In ya ɗaga, ya karɓi gona, kuma dole a ga mutanen gidansa a kan kunyoyinta wannan daminar. In ba a samu wanda ya ɗaga a gidan ba, dattawa su ba wani cikin dangi gonar. Kabarin Ishaya kuwa a gefen gonar yake.

A Unguwar Boro ta sauka. Ezekiel, ɗanta tilo, ya fito da rigar masaƙa a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi zakara, ya kwashe acca da citta. Da ta kwance buhun ta ajiye garmar a bakin ƙofa, sai ya mai da hannuwansa baya.

"Mama, shigo ki sha ruwa tukuna."

"Na sha a hanya."

"Shekara goma sha ɗaya nake aikin nan. In na bari, kafin in juya wani ya zauna a wurina. Ga yara a makaranta. An ce in farar hula suka hau, abubuwa za su gyaru."

"Farar hula za su zo su shuka wa ubanka citta?"

Saratu ta san ba ƙarya yake yi ba. Ta zauna a benci tana kallon ƙotar da tafin Ishaya ya goge har tana sheƙi.

Ana cikin haka Gloria, matar Ezekiel, ta dawo daga kasuwa da tiren tumatir a ka. 'Yar Binuwai ce, ba ta taɓa jin wannan al'ada ba. Ta gaida surukarta, ta ga garma ta tare hanya, ta sunkuya ta ɗauke ta da hannu ɗaya.

"Wa ya bar wannan a nan? Sai ta sare ƙafar yaro."

Ezekiel ya ce, "Ajiye, Gloria. Ba ki san abin da kika ɗauka ba."

Ya yi mata bayani a gurguje. Gloria ta saurara, garmar na hannunta. Ta juya ta, ta gwada bakin da babban yatsa.

"Wannan ce ake gudu? Ta doya da na tashi da ita ta fi ta nauyi." Ta dubi Saratu. "Mama, gonar babba ce?"

"Da gayya, kwana biyu."

"Ba gayya fa?"

"Sati uku. Bayanki zai faɗa miki."

"Tumatir ɗin nan ma ba ya barin bayan nawa. Yara suna da uba, ya iya dafa shinkafa."

Ezekiel ya ce, "Dattawa ba za su yarda ba. Mace ce, kuma baƙuwa."

Saratu ta tuna dattawan: mutum biyar, biyu ba sa gani sosai, babu mai iya yin kunya goma a jere. Ta miƙe, ta kama hannun Gloria, suka shiga ɗaki da garmar. Ezekiel na tsaye a waje da zakara a hammata.

Saratu ta tura ƙofar ta rufe.

"An ce gidan Ishaya ya ɗaga, kuma ya ɗaga," in ji ta. "Ranar Litinin mu biyu za mu koma."