Kwamfutar Manaja Ta Sabunta Kanta

Manaja ba ya son a yi abu ba da izininsa ba, shi ya sa ransa ya ɓaci da ya shigo ofis ya tarar kwamfutarsa ta sabunta kanta. Yana buɗe burauza, manhajar shiga intanet, sai allon ya yi shuɗi, kwamfutar ta mutu. Ya kunna, ta sake mutuwa. Intanet kuwa ko ƙyallinsa babu.

"Wa ya ba ta umarni?" ya daka wa sakatariya tsawa.

"Ranka ya daɗe, ita ta ba kanta."

Ya ɗaɗa wa kwamfutar duka kamar yadda ya saba, ko gezau. Ya buga wa kamfanin waya, suka ce maganin yana shafinsu na intanet, ya shiga ya sauke. Ya ce ai intanet ɗin ne ya ƙi. Suka ce to ya turo ƙorafi ta imel.

Haka rahoton da yake tura wa hedkwata kullum ya tsaya cak. Manaja ya rame, yana jiran kora.

Ranar da babban darakta ya kira, da ƙyar Manaja ya ɗauka. Darakta ya ce duk rassan, nasa ne kaɗai bai turo shirme ba a wannan wata, ya ci gaba da ƙoƙari.

Yana ajiye waya sai ga mai gyara ya nufo teburin. Manaja ya tare shi da ƙirji.

"Malam, ka taɓa ta, ni da kai ne. Ba ta taɓa aiki irin na yanzu ba."