Mutum Talatin da Takwas

Mutum talatin da takwas minista ya ce ruwan ambaliya ya ci. Ranar farko ya faɗa, kafin la'asar, yana tsaye a kan gada cikin dogon takalmin roba sabo fil, 'yan jarida sun kewaye shi. A lokacin bai yi ƙarya ba, don ni da bakina na ba da adadin ta waya. Abin da ya manta shi ne ruwa ba ya sauraron rediyo. Kwana shida yana amayo mana mutane, ranar da na ja layi a ƙasan littafina kuwa muna da ɗari da goma sha biyu.

Ni ce mai rajista a ɗakin ajiye gawa na babban asibiti, shekara goma sha huɗu ke nan. Ofishin nawa ɗan tsukut ne: tebur, kujera biyu, fanka mai kuka, da taga mai ƙarafa inda dangi suke tsayawa. Duk gawar da aka shigo da ita sai in ɗauko kati mai lamba, irin wanda ake yagawa biyu. Rabi a ɗaura wa mamaci a babban yatsan ƙafa, rabi in miƙa wa danginsa, sannan in shigar da lambar a littafi, da suna, da abin da likita ya ce ya yi ajali. In dangi ba su zo ba, rabinsu yana nan cikin aljihun teburina yana jiransu. Haka na tarar ana yi, haka nake yi.

Lamba hamsin da bakwai ƙanina ne, Auta. Shagon askinsa yana gindin gada. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗora 'ya'yan mai shayi biyu a kan rufin shago, ya koma ɗauko na ukun, shi ke nan. A rana ta uku aka kawo shi, da almakashi a aljihun rigarsa. Ni na rubuta shi da hannuna, ni na yaga katin, ni na kai wa Inna rabinta. Inna ba ta karatu, amma ta san lamba sarai. Ta ƙulle katin a bakin mayafinta.

Da aka yi mako, rediyo ya ce za a karanta sunayen waɗanda ruwa ya ci, kuma waɗannan sunayen ne za a sassaƙa a jikin bangon da za a gina kusa da gada. Inna ta ɗora rediyon a cinya, ta hana kowa ko tari. Aka karanta talatin da takwas, aka sa kiɗa.

"Ke," ta ce da ni, "ba su kira Auta ba."

"Wataƙila sai gobe, Inna."

"Gobe me? Ai mai rediyon ya ce sun ƙare. To wa muka binne?"

Tun daga ranar ta daina cin abin kirki. Kullum na dawo aiki, kafin in cire takalmi, tambayar ɗaya ce: sun gyara? Ni kuma in ce ana kai. Wallahi tsoro nake ji, don ina ganin tsohuwar nan tana zubewa a gabana, kuma na san ba abin da take jira a duniya sai ta ji an kira sunan ɗanta.

Ranar Litinin shugaban asibiti ya shigo ofishina, shi da bai taɓa sanin hanyar wurin ba. Tare da shi akwai wani daga ma'aikatar ministan, wanda masu gadi suka laƙaba wa Mai Turare, don ana jin ƙamshinsa kafin a gan shi. A wurinmu kuwa ƙamshi ba ya ɓuya. Mai Turaren ya ajiye sabon littafi a kan teburina, ko ledarsa ba a cire ba.

"Malama, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Mun ga ruwa ya taɓa littafinki. Za ki kwafe shi a wannan."

"Ruwa bai taɓa shi ba, ranka ya daɗe."

Shugaba ya yi gyaran murya yana kallon fanka.

Mai Turare ya yi murmushi, ya ja kujera, ya yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. Minista ya riga ya faɗi adadi a gaban duniya, babba kuwa ba ya magana biyu. Sannan doka ta ce in mamata suka haura hamsin dole a kafa kwamitin bincike, kwamiti kuma zai fara tambayar wanda ya buɗe ƙofofin madatsar ruwa ba tare da an yi shela ba. Ga zaɓe saura wata huɗu. Don haka talatin da takwas na farko ruwa ne ya ci su. Sauran saba'in da huɗun, ai kowa ya san bayan ambaliya akwai zazzaɓi, akwai ciwon huhu, akwai hawan jini.

"Hawan jini da laka a hanci?" na ce. Bakina ne ya riga ni, halina ke nan tun ina yarinya.

Bai ji haushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya buɗe tsohon littafin, ya bi layi da yatsa har ya tsaya.

"Hamsin da bakwai. An ce mini ɗan'uwanki ne. Allah Ya jiƙansa, na ji jarumtar da ya yi. Irinsa ai shi ya cancanci bango." Ya rufe littafin. "Mu adadi muka sani, Malama. Wanda ke ciki da wanda ke waje, wannan aikin alƙalaminki ne. Talatin da takwas dai, kada ya ƙaru da ko ɗaya. Ranar Alhamis zan zo in karɓi duka biyun."

Suka fita suka bar ni da sabon littafin a kan tebur.

Kafin azahar ga wani kuma a taga, ɗan jam'iyyar adawa, muryarsa a dishe saboda ihu a lasifika. Ya ce sun san mutum dubu ne suka mutu, in ba shi littafin ya ɗauki hoto. Na ce ɗari da goma sha biyu ne.

"Haba Malama, ɗari da goma sha biyu ai ba ya girgiza kowa. Ko ɗari biyar ba za ki ce ba?"

Na ce ya tafi ya mutu ya ƙara mana ɗaya, na rufe taga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, su nasu kiwon gawa ne. Ko sunan mutum ɗaya bai tambaya ba.

Kwana biyu ina zagaye sabon littafin nan kamar mai zagaye tukunyar da ta tafasa. In na ƙi, su kore ni su kawo wani ya rubuta, Auta ya tashi a mai hawan jini. In na yarda, sai na fidda wani in sa shi. Na bi talatin da takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na tuna fuskar wanda ya karɓi rabin katinsa. Sai lamba goma sha biyu. Wata tsohuwa ce, siririya, da rigar sanyi koriya, da makullai shida a zare a wuyanta. Ba wanda ya zo nemanta. Asibiti ne ya binne ta, a rediyo ma cewa aka yi "wata mace da ba a gane ba". Rabin katinta da makullan suna cikin ambulan a aljihun teburina.

Na ce a raina, wadda ba ta da suna me za a sassaƙa mata? Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ashirin, kuma ko sau ɗaya ban yarda da kaina ba. Ranar Laraba na rubuta Auta a layi na goma sha biyu. Tsohuwar ban mayar da ita ko'ina ba, don ba ni da hannun da zai rubuta mata zazzaɓi. Sai kawai ta ɓace.

Alhamis Mai Turare ya zo, ya ƙirga layuka, ya gyaɗa kai, ya sa tsohon littafin a jakarsa. Sabon ya ce in riƙe zuwa Litinin, ranar da masu sassaƙa za su aiko a kwafi sunaye. Maganar rabin kati bai san da ita ba, ni kuma ban tuna masa ba. Manya ba sa tsayawa a taga, ina za su sani?

Na yanki sabon kati na rubuta goma sha biyu, na kai wa Inna.

"An gyara, Inna. Za a kira shi. Kawo tsohon katin, ga sabo."

Ta kalli katin, ta kalle ni. "Wannan goma sha biyu ne."

"Eh, an sake tsari ne."

"Auta hamsin da bakwai ne. Ke kika ba ni da hannunki." Ta dafe bakin mayafinta. "Goma sha biyun na waye?"

"Ba na kowa ba ne."

"Akwai gawar da ba ta kowa ba?"

Na tashi na shiga kicin na yi ta buga tukwane. Amma a ranar ta ci abinci, har ta nemi ƙari, kuma na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa za a kira Auta. Ni kuwa daga nan ko inuwa ta gitta tagar ofis sai gabana ya faɗi. Juma'a ta wuce, ba kowa. Asabar da Lahadi na ƙirga su awa-awa.

Litinin da hantsi, saura kamar awa ɗaya ɗan aiken masu sassaƙa ya iso, wata mata ta tsaya a taga. Za ta yi sa'ata, da jaka a hannu, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce kwana biyu ta yi a mota, daga can inda take aure, hanya ce ta yanke sai yanzu aka buɗe. Ta zaga sansani uku da makarantu biyu inda aka tara mutane.

"Yaya, don Allah ki duba mini. Mahaifiyata ce. Ba ta da jiki, tana yawan sa rigar sanyi koriya ko ana zafi." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kuma ba ta rabuwa da makullai a wuya. Har na ɗakin da aka rushe tun ina ƙarama tana nan da shi. Mun yi faɗan mun gaji."

Na buɗe littafin don in samu abin da zan kalla. Cewa "babu" bai fi numfashi ɗaya ba, kuma littafin zai goyi bayana. Za ta ɗauki jakarta ta tafi sansani na huɗu, ta yi ta tafiya har tsufanta, tana leƙa fuskar kowace tsohuwa a tasha. Na ɗora yatsa a kan sunan Auta. Na ji haushinta, wallahi na ji, har na so in ce ina take tun tuni.

Na ja aljihun tebur. Makullan suka yi ƙara tun kafin in fito da ambulan ɗin, ita kuma ta gane ƙarar. Ta saki jakar, ta kama ƙarafan taga da hannu biyu.

Da ta samu numfashi na tambaye ta sunan mahaifiyarta cikakke. Na ɗauki rula na ja layi ɗaya a kan ƙanina, na rubuta sunan tsohuwar a sama, na sa hannu a gefe kamar yadda ake yi wa kowane gyara. Ɗan aike ya zo ya kwafa ya tafi, bai ko ɗaga kai ba.

Ban iya gaya wa Inna a tsaye ba, sai da na durƙusa. Na faɗa mata duka, har da makullan. Sannan ta ce in miƙo mata ruwa, ta sha, ta juya fuska bango. Abincin ranar haka na kwashe shi.

Ranar buɗe bangon na so in ɓoye rediyon, ta ce in kawo. Ta ɗora shi a cinya. Minista ya yi magana, aka yi shiru na minti ɗaya, mai karatu ya fara. A na goma sha biyu ya kira sunan tsohuwar, Inna ta ce, "Allah Ya jiƙanki." Da ya kai talatin da takwas, kafin kiɗan ya taso, ta kashe rediyon. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da katin da ya riga ya yi laushi, ta ce, "Hamsin da bakwai," ta faɗi sunan Auta cikakke, da na mahaifinmu, a hankali yadda mai rediyon yake yi.

Sannan ta juyo gare ni. "Sauran fa? Ke kika rubuta su."

"Sun tafi da littafin, Inna."

"Da kanki suka tafi? Fara daga talatin da tara."

Na fara. Direban motar makaranta, matar mai gyaran takalmi da jaririnta, tagwayen layin kasuwa, ɗan mai shayi na ukun. Ina faɗa tana cewa Allah Ya jiƙansa, Allah Ya jiƙanta. Na wuce Auta, na wuce sittin. A sittin da huɗu na tsaya. Ina ganin mutumin, dogo ne, da agogo a hannun dama, ina ganin matarsa a taga tana karɓar rabin kati. Sunan ne ya ƙi zuwa.

"Ina jin ki," in ji Inna.