Kafaɗar Hagu

Mu a Modena ta ƙasar Italiya, a zamaninmu, mutum biyu ke buga bodin motar tsere, da guduma da kututturen icce. Ɗaya ya ɗauki dama, ɗaya ya ɗauki hagu, su haɗu a hanci. Shi ya sa ɓari bai taɓa yin daidai da ɗan'uwansa ba. Ni Nello ni ne na dama, yayana Ermes na hagu.

A 1954 muka buga wadda muke kira Tsattsewa, ja wur, kujera biyu, babu rufi. Sau uku ta yi tseren mil dubu, daga Brescia zuwa Roma ta dawo, Ermes na gefen direba a matsayin makanike. Ni ban taɓa shiga ba, da an sha kwana sai amai, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Kafaɗarta ta hagu, wadda ke rufe tayar gaba, ta fi tawa tudu da kaurin yatsa ɗaya. A kan wannan yatsan muka shekara arba'in muna rigima, duk Lahadi, a teburin Mama.

"Ba kuskure ba ne, Nello, iska ce na ba hanya."

"Iskar gidanku! Giyar Lambrusco ka sha da rana, hannunka ya karkace."

"Gidanmu ai gidanku ne, sakarai."

Sai Mama ta buga ludayi ta ce mu ci tortellini ko ta zuba wa kare.

Ermes ya rasu a 1996. Motar kuwa tuni an sayar, ta yi ta yawo a hannun masu tara tsofaffin motoci. Garejinmu ya zama shagon takalma, gudumarsa ta ɓace wajen kwashe kaya, hotunansa kuma idona ya daina gani. Abu ɗaya na san ya rage na hannunsa a duniya, wannan tudun, kuma ina so in ɗora tafina a kai kafin in bi shi.

Shekara biyu da suka wuce aka kira ni a waya. Wani Tiziano ne, mai gyaran tsofaffin motoci a bayan gari. Ya ce Tsattsewa ta dawo gida, tana garejinsa.

"Maestro, kafaɗun sun saɓa. Wacce ce daidai da zane?"

Ni da bakina! Tsoho mai shekara tamanin da bakwai, na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Ta dama mana! Ta hagu aikin mashayi ne." Yadda nake faɗa a teburin Mama haka na faɗa, har ina jiran a ce mini sakarai. Na ajiye waya ina jin daɗi.

A watan Mayun bana aka gama aiki, 'yata Iride ta kai ni. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin mai da sabon fenti. Ta ɗora hannuna a kan hancin motar, na bi dama a hankali. Tawa ce, har sawun gudumata na ji da na zura hannu ta ƙasa. Na ce a raina, to Yaya, ga ni nan zuwa. Na zagaya.

Tafina ya hau kafaɗar hagu, ya sauka. Na sake bi. Babu tudu. Na zura hannu ta ƙasa, sumul, ko sawu ɗaya babu.

"Ina kafaɗar?"

"Mun gyara, Maestro, kamar yadda ka ce," in ji Tiziano, da murna a muryarsa. "Mun auna taka da na'ura, muka juya ta zuwa hagu. Yanzu ko gashi ɗaya babu tsakaninsu."

"Tsohuwar fa?"

Ya ce, "Mai motar ya ce ba ya son kuskure a ajiye. Masu narka ƙarfe sun ɗauka tun bara."

Na so in zage shi, wallahi na so. Amma me ya yi? Tambaya ya yi, aka ba shi amsa. Ya saka mini alƙalami a hannu, wai in sa hannu a cikin bodi yadda ake yi, ya ƙara da cewa, "Ka sa a duka biyun, ai yanzu duk naka ne. Kai ke da gaskiya tun farko."

Na mayar masa da alƙalaminsa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, ko ranar da muka binne Ermes.

A hanyar gida iska na shigowa ta tagar mota, Iride ta ce, "Baba, in rufe gilashi?"

Na ce, "Ba kuskure ba ne. Iska ce ya ba hanya."

"Wa, Baba?"

Shekara saba'in Yaya yana jiran in faɗa, sai da babu shi, babu kafaɗar, sannan na faɗa.